Kamu Ɗaya da Rabi

A damina ta 1983, wata akori-kura ta karye biyu a bakin kwalbati tsakanin Bukkuyum da Gummi. Bayanta ya zube ƙasa, buhunan gero suka danne Hure, wata mai tallan nono da ke zaune a ƙarshen bodi. Ko shurawa ba ta yi ba.

Kafin Saje Dikko ya isa wurin, har an gama shari'a a tasha. Kowa ya san Muntari mai walda na Anka ne ya ƙarfafa shasin motar, wato ƙarfen da bodi ke zaune a kai, wata uku da suka wuce. 'Yan tasha suka same shi a rumfarsa suka yi masa rubdugu, suka karya masa hannun dama, sannan suka miƙa shi caji ofis. Sauran jama'a suka ce kwana ne ya ƙare. Haka muke: ko mu daki mai rauni, ko mu jingina wa ƙaddara. Dubawa ce kawai ba mu yi.

Dikko ya fara da Gambo direba.

"Gudu kake?"

"Saje, da buhu ashirin da biyar? Ko jaki shina wuce ni."

"Da can nawa take ɗauka?"

"Sha takwas."

"Ina aka sami wurin bakwai?"

Gambo ya sunkuyar da kai. "Ni makulli aka ba ni. Kwana biyu mota na gidan Alhaji, shekaranjiya nid ɗauko ta."

Fasinjoji uku sun shaida a hankali yake tafiya, kuma babu sawun birki a hanya. Dikko ya sallame shi.

Muntari na kwance a bayan kanta, hannu ya kumbura.

"Wane aiki ka yi wa motar?"

"Falle biyu na ƙarfe nis sa, dama da hagu, bisa gatarin tayoyin baya."

"Da wace walda?"

"Ta gas mana. Ina nig ga lantarki a rumfata? Je ka duba, Saje. In nawa ne ya tsage, a ɗaure ni."

Dikko ya koma kwalbati, ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashin mota. Fallen nan biyu na nan daram, ɗinkinsu sumul. Karayar tana taki guda bayansu. Ya kankare baƙin man da aka shafe wurin da shi, sai ga wata walda daban, gurun-gurun, mai baƙin ɓawo. Ya auna shasin da igiya, ya je tasha ya gwada a jikin wata mota irinta. Igiyar ta zarce da kamu ɗaya da rabi.

Mai motar, Alhaji Maikuɗi na Gummi, ya karɓi Dikko a zaure, da baƙin tabarau a fuska. Ƙarar janareton injin niƙansa na tashi daga bayan gida.

"Saje, mi kake ta wahala? Allah ya riga ya hukunta. Mai laifi kuma yana hannunku."

"Alhaji, cire tabarau."

"Apolo nike."

"Wa ta kama a gidanka ban da kai?"

Da Alhaji ya cire tabarau, idanun jajur suna zubar da ruwa, fatar goshi da hanci tana saɓulewa.

"Apolo ba ta ƙona goshi," in ji Dikko. "Hasken waldar lantarki ke yin haka, idan mutum ya yi ta babu garkuwar fuska. Muntari da gas yake aiki, kuma gas ba ya barin ɓawo. An yanke shasin nan an ƙara masa tsawo a kwana biyun da motar ta yi a gidanka. Mai walda na gaske ba ya kallon wuta da ido tsirara, kuma ba ya haɗa shasi baki da baki ba falle. Wanda ya yi wannan bai iya ba."

Suka zagaya baya. Kusa da janareto ga injin walda da aka saya don gyaran ƙyauren shaguna, ga ragowar ƙarfen da aka yanko ƙarin daga jikinsa.

Alhaji ya zauna a kan turmi. "Na ce ma Muntari shi ƙara mata tsawo, yaƙ ƙi. Wai za ta kashe mutane. Ni ko nig ga aikin ba wani abu ba ne."

Dikko ya sa masa ankwa. Kafin a fita da shi, dattawan unguwa sun cika ƙofar gida, suna roƙon a rufa wa mutumin kirki asiri. Ba wanda ya ambaci sunan Hure.

Da la'asar Dikko ya buɗe wa Muntari ƙofa da kansa.

"An wanke ka. Koma bakin aikinka."

Muntari ya ɗaga hannun da na hagu, ya dube shi. Yatsun ba su motsa ba.

"Da wane hannu, Saje?"