Maɓallan Kaka

Kaka ta yi shekara casa'in da biyu a duniya. Tela ce. Ta ɗinka wa 'ya'yanta kaya, ta ɗinka wa jikoki, har tattaɓa-kunne biyu sun sa ɗinkinta.

Ba ta iya karatu sosai ba. Littafi Mai Tsarki ma jikarta Auta ce take karanta mata. Amma tana da wani dogon zare mai maɓallai talatin da ɗaya, a rataye jikin keken ɗinkinta. Kullum da safe takan riƙe shi, bakinta yana motsi. Auta ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ita dai ta ɗauka rigimar tsofaffi ce.

Mako biyu bayan rasuwar Kaka, Malamar ajin su Auta ta ce kowa ya kawo aikin hannu. Auta ta sa almakashi ta tsinke zaren. Ta manna maɓallan a kwali, ta yi fure mai kyau. A aji har tafa mata aka yi.

Ta dawo gida da murna, ta tarar Mama tana ta birkita ɗakin Kaka.

"Auta, kin ga zaren Kaka? Ranar Lahadi za a yi sujadar tunawa da ita. Fasto ya ce in zo da shi."

Auta ta sauke jakarta. A hankali ta fito da kwalin daga jaka. Mama ta duba, sai ta zauna a bakin gado.

"Kowane maɓalli mutum ne," in ji Mama. "In Kaka ta gyara wa mutum riga, sai ta cire ɗaya, ta sa masa sabo. Da safe ta taɓa shi, ta ambaci sunan mai shi a gaban Ubangiji. Shekara sittin ba ta yi fashi ba. A jere suke, daga babba zuwa ƙarami. Da jerin na so in gane na kowa, in ba shi nasa."

Auta ta fashe da kuka.

"Da na sani ƙeya ce," in ji Baba daga bakin ƙofa. "Yanzu me kika ga za a yi?"

Auta ta share hawaye. "Ni na ɓata, Baba. Ni zan gyara."

Ta jiƙa kwalin a ruwan ɗumi, ta ɓamɓare maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ta zuba su a gwangwani. Kullum in an tashi daga makaranta, sai ta shiga gidajen dangi.

Kawu direba ya zaro wani na ƙarfe. "Wannan na rigar makarantata ne. A waccan shekarar na yi zazzaɓi mai tsanani. Goya ni ta yi har asibiti, ana ruwa, tana addu'a a hanya."

Gwaggo ta ɗauki wani fari. Ta yi dariya har da hawaye. "Na rigar aurena ne. Ta ce na cika ci, sau uku tana buɗe rigar."

Na nesa kuwa, Baba ya aika musu hoto ta waya. Ƙafafun Auta sun yi ciwo, amma ba ta fasa ba. Ta sami nata ma, ɗan ƙarami ja, daga rigarta ta jarirai.

Ranar Asabar an gane talatin. Saura ɗaya, babba, baƙi, mai tsaga a gefe. Ba wanda ya san shi.

"Ya isa haka, kin yi ƙoƙari," in ji Mama.

"A'a, Mama. Kaka ba ta tsallake shi ba, ni ma ba zan tsallake shi ba."

Gida ɗaya ne a layin ba ta shiga ba, gidan tsohon kafinta. Shekara ashirin ba ya gaida Kaka, tun da suka yi faɗa a kan katanga. Yara duk tsoronsa suke ji. Auta ta dake, ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ina wuni, Baba. Ko ka san wannan?"

Ya juya maɓallin a tafin hannunsa. Ya shiga ciki, ya fito da tsohuwar kwat. Maɓallanta baƙaƙe ne manya, amma ɗaya ya bambanta.

"Bayan faɗanmu matata ta kai wa kakarki gyara a ɓoye," in ji shi. "Me nawa yake yi a wurinta?"

Auta ta faɗa masa. Tsohon ya sake kallon maɓallin.

"Ina ɗauke mata kai a hanya, ita kuma tana kai sunana wurin Allah kowace safiya?"

"Kowace safiya, Baba."

Ranar Lahadi coci ya cika. A layin baya ga kafinta zaune, sanye da kwat ɗin nan. Da Mama ta fara raba maɓallan, sai ya miƙe.

"Don Allah a mayar da nawa a zare," in ji shi. "Har yanzu ina bukatar addu'a."

Kawu ya mayar da nasa. Gwaggo ma haka, har duk suka koma gwangwani.

A gida Auta ta zura su a sabon zare, ta rataya a jikin keken.

"Me kika koya?" Mama ta tambaye ta.

"In tambaya kafin in taɓa abin da ba nawa ba. Kuma in yi wa kowa addu'a, har wanda ba ya gaishe ni."

Mama ta rungume ta. Washegari kafin ta tafi makaranta, Auta ta riƙe zaren. Da baƙin maɓallin ta fara.