Rigar da Aka Auna a Jikin Baba

Yana kwance rigingine a ƙasa, jini na zuba daga hancinsa, ya fara ganinta.

Direba ne, yana kawo rodi da bututun ƙarfe shagon waldar mahaifinta duk Litinin da Alhamis. Ranar ya ja mota baya ya taka wayar injin walda. Yayanta ya ajiye aiki, ya ɗage gilashin fuska, ya zagi uwarsa. Direba ya sauko. Yaya ya kai masa naushi a hanci, shi ma ya rama guda ɗaya a baki, haƙori ya yi tsalle ya faɗa bokitin da ake sanyaya ƙarfe. Sai Yaya ya kwashe masa ƙafafu ya maka shi da ƙasa, daidai ƙofar ɗan ofishin da Auta ke zama tana amsa wayar masu kawo aiki.

Tana saƙa hular jariri da kwarashi, dunƙulen farin ulu a gefen ƙafarta. Jinin ya ɗiga a kai.

"Malam, ka ɓata min ulu," in ji ta.

"Ki yi haƙuri. Ba ni na zaɓi inda zan faɗi ba."

"To matsa can ka ƙarasa mutuwar."

Duk da haka ta miƙa masa tsumma ya danne hancin. Mu da shekaru suka fara ja, waɗanda ɗaura takalmi ma sai mun yi nishi, da yawanmu ko tsumman ba a ba mu ba muka yi aure.

Ranar Alhamis ya dawo da dunƙulen ulu biyu. Farinsu bai yi daidai da nata ba, amma lambar wayarsa na jikin takardar da aka naɗe su. Ta yi kwana huɗu tana kallon lambar kafin ta rubuta.

"Ulun da ka kawo na goge mota ne. Ya hancin?"

"Ya karkace hagu. Yanzu duk inda na dosa sai na ga ina kallon ofishinku."

"Mai Hanci, kana da surutu."

"'Yar Ulu, ke kika ja."

Haka sunayen suka zauna. Wata uku suna rubuta wa juna, yana ba ta labarin hanya, tana aika masa hoton duk abin da ta gama saƙawa. Ranar da ya ce zai turo kawunsa gidansu, ga amsar da ta rubuta masa:

"Ina sonka, ba zan ɓoye ba. Amma sharaɗi ɗaya. Hannun nan naka ba zai sake taɓa kowa na gidanmu ba, ko me aka yi maka. Idan ka sake, ni da kaina zan ce na fasa."

"Na ɗauka. Daga yau sitiyari kaɗai zai riƙe, sai kuma hannunki idan lokaci ya yi."

Kawu ya je, ko ruwan da aka kawo masa bai shanye ba Baba ya sallame shi.

"Yaron da ya fara gaida gidana da dunƙulen hannu? Ka dubi bakin ɗana. Kullum yana cin abinci ina ganin aikin ɗanka. Kaya dai ya ci gaba da kawowa, wannan aiki ne. 'Ya kuwa ba ni da ita."

Aka ɗauke Auta daga ofis aka mayar da ita gida.

Yaya yana da aboki, wani mai ɗaga ƙarfe da ake kira Guduma, wanda wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya. Ya daɗe yana son Auta, Yaya kuma ya daɗe da yi masa alkawarinta ba tare da ya tambaye ta ba. Wata Alhamis su biyu suka tare Direba a lungun bayan shago. Guduma ya riƙe shi ta baya, Yaya ya yi ta zuba masa naushi a ciki da haƙarƙari har ya durƙusa yana amai. Suka ƙara masa da ƙafa.

"Rama mana, jarumi," in ji Yaya, iska na fita ta wawulonsa.

Direba ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihu, ya damƙe yadin wandon har ya yage. Bai rama ba.

Da yamma ya rubuta mata: "Na haɗu da Yayanmu. Mun gaisa sosai. Hannuna na nan da tsarkinsa."

Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada Mama ta ji kukanta.

Sanyi ya fara shigowa. Gilashin ƙofar motarsa ya daɗe da fashewa, yana fita da sassafe da 'yar riga mai gajeren hannu, haƙarƙari biyu a tsage. Auta ta yanke shawarar saƙa masa rigar sanyi, ruwan toka, da jan layi biyu a ƙirji. Matsalar ita ce awo. Ba za ta iya zuwa ta zagaya masa tef a ƙirji ba, shi kuma da ta tambaye shi girmansa sai ya ce, "Daidai misali." Sai ta tuna ranar da ta ga shi da Baba sun ɗauki ƙofar ƙarfe tare. Kafaɗunsu ɗaya, tsawonsu ɗaya.

"Baba, ɗan miƙe ka ɗaga hannu."

"Me za ki yi da ni?"

"Riga nake saƙawa."

Ba ta ce tasa ba ce, ba ta kuma ce ba tasa ba ce. Baba ya miƙe tsakiyar falo, ya ware hannuwa, yana kallon Mama ta gefen ido.

"Shekara talatin ina gidan nan, ko safa ba a taɓa saƙa min ba. Sai da na haifi mai tausayina."

"Ka haife ta kai kaɗai, ai na gani," in ji Mama.

Kusan wata biyu, duk bayan la'asar, Auta na ɗora masa abin da ta saƙa a baya, ta ja hannun rigar zuwa wuyan hannunsa, ta warware layi uku ta sake. Wuri ɗaya ne awon ya ƙi. Baba yana da tumbi, irin wanda duk mun sani, Direba kuwa cikinsa kamar allo.

"Auta, nan wurin ya ɗan kama ni. Ki ƙara."

"Ulu yana saki, Baba."

Ya jira ulu ya saki, bai saki ba. Sai ya rage cin abinci. Ya daina sa sukari a shayi, ya koma tafiya shago a ƙasa. Kullum da safe ya tsaya gaban madubi ya ja ciki. Auta na gani, kwarashin na yi mata nauyi a hannu, ta kasa buɗe baki.

Ranar Asabar ta rubuta: "Mai Hancina, na gama. Ruwan toka ce, da jan layi biyu a ƙirji. Gobe zan bar maka ita wurin mai kantin bakin layi. Litinin ka sa ta, ina so sanyi ya ji kunya."

Ta bar wayar a kan kujera ta shiga kicin. Yaya ya karanta, ya ajiye yadda ya same ta.

Lahadi ta wanke rigar ta shimfiɗa a kan tawul, amma ba ta bushe ba. Ta sanar da Direba sai Alhamis. Wannan saƙon Yaya bai gani ba.

Litinin da sassafe Baba ya fito tsakar gida ya tarar da rigar ta bushe. Ya sa. Ta zauna masa ɗas, har cikin. Bai saba fita kafin ƙarfe takwas ba, amma ranar so yake maƙwabtan shago su gan shi tun suna buɗewa. Ya ja hular sanyi har kunne ya kama hanya.

Gari bai gama wayewa ba. Yaya da Guduma na laɓe a lungun bayan shago, inda Direba ya saba bi ya buga ƙofa. Suka ga ruwan toka ya wuce, kafaɗun da suke jira, jan layi ya ɗan bayyana da ya juya. Guduma ya kifa masa buhu daga baya har ƙugu, ya kayar da shi. Yaya ya fara da ƙafa, a baya, a ciki, a kai. Numfashin tsohon ya ɗauke, ko ihu ya kasa. Guduma ya ɗauko guntun rodi.

A lokacin Direba ya shigo lungun da 'yar rigarsa mai gajeren hannu. Ya ga mutum cikin buhu, ya ga takalman Baba da ya sha gani a bakin injin walda. Hannunsa ya dunƙule da kansa. Taku uku ne tsakaninsa da ƙeyar Yaya, kuma ya san naushi ɗaya ya isa. Ya buɗe hannun, ya ruga ya kifa a kan tsohon.

Rodin ya sauka a damtsensa. Ƙarar karyewar ƙashin har bakin titi. Guduma, wanda tunani ba ya cikin abubuwan da yake ɗagawa, ya ƙara na biyu a gadon bayansa kafin ya tsaya.

Yaya ya dubi Direba, ya dubi buhun.

"In kai ne nan, wane ne a ciki?"

Daga cikin buhun wata murya ta fito, a shaƙe, ta kira shi da sunan da ba mai kiransa da shi sai mutum ɗaya a duniya.

Guduma ya yar da rodin ya arce, har yau unguwar ba ta sake ganinsa ba. Yaya ya zube a gwiwa, ya cire buhun. Leɓen Baba ya fashe, ido ɗaya ya rufe. Ya dafa bango ya miƙe, ya zare bel ɗinsa. Ya yi ta zabga wa ɗansa ta wajen ƙarfen, a wuya, a kunne, a bayan hannu, Yaya ko karewa bai yi ba. Sai da Direba ya ja jiki ya riƙe ƙafar tsohon da hannunsa mai lafiya.

"Baba, ya isa. Ni ya zo duka, ba kai ba."

"Kai? To me ya sa ya kama ni?"

Direba ya dubi rigar, ya sunkuyar da kai.

A asibiti aka ba su gado biyu kusa da juna. An ɗaure hannun Direba da filasta, an yi wa Baba ɗinki huɗu. Auta ta shigo bayan Mama, ta durƙusa a gaban gadon mahaifinta ta faɗi komai, tun daga awon farko.

Baba ya daɗe yana kallon silin.

"Wata biyu ina ɗaga hannu kamar wanda aka kama da sata. Wata biyu ina shan shayi kamar ruwan wanki. Ashe gunkin shagon tela aka mai da ni."

"Ka yafe min, Baba. Kullum ina so in faɗa, sai in ga yadda kake murna."

"Dukan bai yi min zafin wannan ba, Auta."

Ta kifa kai a gefen katifa tana kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ɗora hannu a kanta, ya juya wurin Direba.

"Kai. Na san hannunka, na ga aikinsa. Me ya hana ka bugun su?"

"Na yi mata alkawari ba zan sake taɓa ɗan gidanku ba."

"Ko da za a kashe ka?"

"Ban yi lissafi har can ba, Baba."

Mama ta yi dariya cikin hawaye. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, kunne a kumbure, ya kasa shigowa. Baba ya ce ba ya son ganinsa, a gida ko a shago. Direba ya ce in dai ana neman abin da za a ba shi a madadin hannunsa, to a yafe wa Yaya.

"Ka ji shi," in ji Baba. "Ko auren ba a ba shi ba ya fara mulki a gidana." Ya shafa jan layin da ke ƙirjinsa, inda jini ya bushe. "Ka ce wa kawunka ya dawo, wannan karon ya shanye ruwansa. Amma riga tawa ce. Na yi mata yunwa, na sha mata duka. Kai in an ɗaura, ta auna ka da kanta."

An ɗaura auren bayan an cire filasta, sanyi ya riga ya wuce. Baba ya zo cikin rigar duk da haka, gumi na bin wuyansa, duk wanda ya ce ya cire sai ya harare shi. Yaya ne ya tuƙa motar amarya, a hankali ƙwarai, yana ba kowa hanya.

Kafin ta fita, Baba ya riƙe hannun Auta ya sa a na mijinta.

"Ga ta nan. Tana da ƙarya kaɗan, amma hannunta na da kyau. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu sanyin hannu, ya tsare gidanku daga abin da ya faɗa wa nawa."

Duka ɗakin aka amsa da amin, muryar Yaya ta fi ta kowa ƙarfi.