Tsaga Uku a Ƙarƙashin Fenti

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Asabar aka bugo waya caji ofis, cewa bonet ɗin mota ya faɗo wa wani dattijo a ƙeya a unguwar Sheshe, kuma ya cika kafin a kai shi asibiti.

Sufeto Shamsiyya Auwalu ta isa tare da Kofur Salisu. Motar tsohuwar jif ce mai nauyin ƙarfe, tana ajiye a filin bakin lungu tunda ba ta iya shiga ciki. Mai ita, Malam Shehu, tsohon malamin makaranta ne da ya haura saba'in. Ya fito duba ruwan lagireto kamar kullum, ya ɗaga bonet, ya sunkuya, shi ke nan.

Tun kafin ta yi tambaya wani mutum mai jajayen idanu ya tare ta.

"Ranki ya daɗe, babu wani bincike da ya rage. Ranar Laraba Baba ya kai motar nan garejin Ɗayyabu a Yakasai. Aka ce an canja shokazoba biyu na gaba da 'yan shok ɗin da ke riƙe bonet. To ga aikin nan."

"Kai wane ne?"

"Nazeer. Ɗan ƙaninsa ne ni, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami."

Ta sa Kofur ya ɗaga bonet ɗin. Bonet ɗin ya tsaya cak kamar abin kirki, sai can ya sako da wata ƙara da ta sa jama'a ja da baya. Ta danna gaban motar da hannu biyu, motar ta yi ta rawa ba ta tsaya ba. Shok ɗin bonet kuwa baƙi wuluk suna ƙyalli. Ta kankara ɗaya da farce, fenti ya biyo yatsanta, ko gama bushewa bai yi ba.

Ranta ya ɓaci. A ce an karɓi amanar tsoho, a shafa wa mataccen ƙarfe fenti, a bar shi ya sa wuyansa a ƙarƙashi.

Da ta koma ofis ta tarar 'yan unguwa sun riga ta kawo Ɗayyabu. Sun yaga masa riga, sun fasa masa leɓe, har ana maganar a ƙona garejin. Wannan ma ya ƙara mata haushi, don ta tsani mutanen da ke yanke hukunci da dutse kafin ɗan sanda ya buɗe littafi. Bakaniken dattijo ne mai furfura, yana zaune a benci hannuwansa a kan gwiwa.

"Malam Ɗayyabu, me ka sa wa motar Malam Shehu?"

"Sababbi fil, guda huɗu. A gabansa na yage kwalinsu."

"Waɗanda ke jikin motar tsofaffi ne da fenti."

Ya ɗago kai a hankali. "Ranki ya daɗe, ki koma ki kankare fentin sosai, wajen gindi. In kin ga tsaga uku, to tsofaffinsa ne da na cire."

"Tsaga uku na me?"

"Shekara talatin haka nake yi. Duk abin da na cire a mota sai na yi masa tsaga uku da zarto, sannan in zuba wa mai mota a but ya tafi da abinsa. Saboda akwai marasa tsoron Allah da ke bin gareji suna tsince su, su wanke, su fesa fenti, su sayar wa wani. Sabon da na sa kuma ina rubuta masa kwanan wata da farin fenti, ta ciki, inda ido ba ya kaiwa."

Kofur Salisu ya yi tsaki. "Ai ka kama kanka, Baba. Ka cire, ka mayar."

"Yallaɓai, in mayarwa zan yi, me zai sa in yi musu shaida da hannuna?"

Sufeto ta ɗauki wuƙar aljihu ta koma Sheshe.

Tsagar tana nan, uku-uku, a jikin duk huɗun. Ta buɗe but. Babu komai sai jak da tsohuwar dadduma.

An dawo daga maƙabarta, maza sun zauna a kan tabarmi a ƙofar gida. Ta wuce ciki wajen matar marigayin, Hajiya Larai, ta yi mata gaisuwa, ta zauna kusa da ita.

"Mama, ki yi haƙuri da tambayata a irin wannan rana. Da Malam ya dawo daga gareji, kin ga motar?"

"Na gani. Har cikin gida ya shigo ya ce, Larai, sa mayafinki ki zo ki ga abin mamaki. Ya taɓa bonet ɗin da yatsa, ya tashi da kansa ya tsaya. Ya yi ta dariya kamar yaro." Ta goge ido. "Shekara biyu yana tokare shi da ƙotar fatanya."

"Tsofaffin kayan fa?"

"Suna but, ya nuna mini. Ya ce sai ya sami mai gwangwan."

"Bayan shi wa ya tuƙa motar?"

"Nazeeru ne ya karɓi mukulli ranar Alhamis da safe, ya ce zai kai ta wanki. Sai bayan la'asar ya dawo da ita. Jiya kuma Malam bai taɓa ta ba, a ƙafa ya je masallaci."

Sufeto ta fito ta aika Kofur ya ɗauko Ɗayyabu a motar ofis. Ta sami Nazeer a tsakiyar masu makoki yana karɓar gaisuwa, yana kuma gaya wa duk wanda ya zauna cewa ba zai yarda a saki bakaniken nan ba. Ta yafito shi zuwa bakin lungu.

"Ina ka kai motar nan ranar Alhamis?"

"Wanki, wajen Ƙofar Mata."

"Tun safe har la'asar?"

"Akwai layi."

Ta nuna masa ƙasan ƙofar motar, inda busasshen taɓo ya yi kauri. "Rabon da a yi ruwa tun daren Talata. Wane irin mai wanki ne ya tsallake wannan?"

"Ciki kawai aka goge."

"Kayan da ke but fa?"

"Ban ga komai a but ba."

"Ina taka motar?"

Wani maƙwabci ne ya nuna ta da baki. Tana can gefen katanga, irin ta Malam Shehu sak, sai dai ta fi ta shan wuya, da ita yake ɗaukar shata zuwa ƙauyuka. Sufeto ta danna gabanta. Ta sauka sau ɗaya ta tsaya ƙyam. Ta ce ya buɗe bonet. Ya ja, bonet ɗin ya tashi da kansa ya tsaya.

Ɗayyabu ya sauko daga motar ofis da yagaggiyar rigarsa. Bai dubi kowa ba. Ya kwanta a ƙasa ya zura kai bayan taya, ya haska da wayar Kofur.

"Ga rubutuna nan, ranki ya daɗe. Kwanan watan Laraba."

Masu makoki sun riga sun taso. Waɗanda suka fi ɗaga murya da safe su ne yanzu suka fi kallon ƙasa. Sufeto ta ja Nazeer zuwa cikin zaure, don kada a yi masa abin da ya sa aka yi wa wani.

"Faɗi."

Ya durƙushe. "Tawa ce ta hana ni aiki, gabanta ya mutu, fasinja suna guduna. Na ce Baba ba ya zuwa ko'ina, daga gida sai asibiti. Na kai motocin duka biyun bayan gari aka musanya kayan. Ni na fesa fentin."

"Na bonet ɗin ma sai da ka haɗa? 'Yan ƙarafa biyu?"

"Na ga suna da kyau ne."

"Ka ga suna da kyau." Muryarta ta yi ƙasa don tsabar takaici. "Mutumin da ya riƙe ka. Sannan ka tsaya a kan gawarsa kana nuna wani da yatsa."

"Wallahi ban yi nufin ya mutu ba. Na zaci zai tokare da sandarsa. Kullum yana tokarewa."

Labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Hannun Hajiya Larai ya fito riƙe da ƙotar fatanya, baƙa da man inji, ta ajiye ta a ƙasa a gabansa.

"Ga ta nan, Nazeeru. Ranar Laraba ya ba ni ya ce in sa a murhu, ya gama da ita."

Kofur Salisu ya danna wa Nazeer ankwa, ya fito da shi ta tsakiyar tabarmin makokin. Wani dattijo ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa Ɗayyabu, shi kuwa ya girgiza kai. Ya nufi motar Malam Shehu, wadda wani ya sake ɗaga bonet ɗinta don kallo, ya ce wa mutane su matsa. Ya tallabe shi da hannu biyu, ya sauke a hankali har ya kulle.