Gishirin da Ya Ɓata Miyar Umma

A wata makaranta akwai yarinyar da 'yan ajinsu suke kira Na-Sani. Kai gare ta, wannan ba musu. Amma kunnenta ba ya jiran ƙarshen magana. Malami zai buɗe baki ke nan, sai ka ji ta daga bencin gaba: "Na sani!"

Duk cikin darussa ba wanda take so kamar kimiyyar sinadarai. Ɗakin gwaji kuwa, da za a bar ta, can za ta kai katifarta.

Ranar nan Malama ta jera su gaban dogon tebur. Kowa ya sa tabarau na kare ido. Ta ɗaga kwalabe biyu.

"Wannan asid ne. Wannan kuma alkali."

Wani yaro mai surutu ya ce daga baya, "Malama, alƙali? Wa ya kawo ƙara?"

Aji ya fashe da dariya.

"Kai zan kai ƙara ofis in ba ka kama bakinka ba," in ji Malama. "Alkali na ce. Idan asid ya haɗu da alkali, sai su kashe kaifin juna. Abin da ke fitowa shi ne ruwa da gishiri. To, ku saurara da kyau. Gishirin nan..."

"Na sani!" in ji Na-Sani.

Ta juya tana raɗa wa ƙawarta cewa ashe gishiri ma haɗa shi ake yi. Sauran bayanin duk ya wuce ta bayan kunnenta.

Suka haɗa, suka tace, suka ajiye ruwan a faranti bakin taga. Da suka dawo wani darasin, ruwan ya bushe. Ga fararen ƙwayoyi suna ƙyalli. Na-Sani ta faki idon Malama, ta kwashe nasu a takarda, ta cusa a jaka.

Tana isa gida ta tarar da tukunyar miya a kan wuta. Umma tana shanya a waje. Yarinyar nan ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta zazzage ƙullin kaf a ciki, ta juya da ludayi. Nufinta sai an ci an yaba, sannan ta ce ita ta haɗa gishirin da hannunta.

Aka zuba abinci. Baba ya kai loma ɗaya. Fuskarsa ta tattare wuri guda.

"Subhanallahi! Yau kuma maɗaci aka dafa mana?"

Umma ta ɗanɗana, ta tofar. "Wallahi ba haka na bar ta ba."

Shi kuwa Yaya, da yake ba ya tauna abinci, haɗiya kawai yake yi, har ya kai rabin kwano.

Na-Sani ta sunkuyar da kai. Muryarta ta koma ƙarama. "Gishiri ne fa kawai na sa. Na makarantarmu."

Umma ta dafe ƙirji. "Na ɗakin gwaji? Ke, kashe mu za ki yi?"

Baba bai tsaya faɗa ba. Ya ɗauki waya ya kira Malama. Ya saurara, ya gyaɗa kai, sannan ya sauke numfashi.

"Ta ce mun auna arziki. Wannan ba ya kisa, ciki kawai yake wankewa."

Haka kuwa aka yi. Yaya ya wuni yana sintiri tsakanin ɗaki da bayi. Duk wucewar da zai yi sai ya harare ta ya ce, "Sannu, likita." Miya kuma aka zubar da ita duka. Ranar gaya kowa ya ci.

Washegari Malama ta tsayar da ita a ƙofar ɗakin gwaji.

"Kin san akwai gishirin da cokali ɗaya zai kwantar da gidanku duka a asibiti?"

Na-Sani ta girgiza kai. Malama ta ci gaba.

"Ba za ki ƙara taka ɗakin nan ba, sai ranar da kika tsaya gaban aji kika amsa tambayoyina a kan gishiri. Kika faɗi ko ɗaya, a waje za ki ƙare zangon nan."

Daga ranar, in an shiga gwaji, ita tana bakin taga tana leƙe. Mai surutun nan har ɗago mata kofin gilashi yake yi yana gwalo. Abin ya ci mata rai. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce sai ta koma ɗakin nan ko ana ha-maza ha-mata.

Ta ɗauko littafinta ta fara daga shafin farko, wanda a da ta tsallake don wai ta sani. Ta karanta, bai shiga ba. Ta sake, bai shiga ba. Sai ta tara marafan kwalba, ta samo alli, ta zauna a tsakar gida tana zana da'ira cikin da'ira.

Umma ta fito ta gan ta. "Wannan kuma wane sabon rikici ne? Kada dai ki kusanci tukunyata."

"Atom nake zanawa, Umma. Komai na duniya da shi aka gina shi, har tukunyar taki. Ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa. Marafan nan su ne ilektron, masu zagaya tsakiyarsa."

"To, sai aka yi yaya?"

"Kin ga wannan, sodiyam ne. Ilektron ɗaya tal gare shi a layin waje, ya zame masa kaya. Wannan kuma kulorin ne. Bakwai gare shi, ɗaya yake nema ya cika takwas." Ta ɗauke marfi ɗaya ta mayar wancan gefe. "Ya ba shi, sun manne. Shi ne gishirinki na miya."

"Wanda kika zuba mana fa?"

Na-Sani ta ajiye allin. Ta koma littafi. Wajen da ya gagare ta kuwa, ta bi Malama har ɗakin malamai ta tambaya. Wannan karon ta tsaya har aka kai aya.

Ranar amsa tambayoyi ta zo. Na-Sani ta tsaya gaban allo.

"Mene ne gishiri?" in ji Malama.

"A kicin, abu ɗaya ne. A kimiyya kuwa sunan babban dangi ne. Abin da asid da alkali suka haifa, bayan ruwa, gishiri ake ce masa. Ɗaya daga cikinsu ne muke sawa a miya."

"Wanda kika ɗauka fa?"

"Na magnesiyam ne da salfet. Babu sodiyam a cikinsa, babu kulorin. Farin ne kawai ya zo ɗaya. Ɗaci gare shi. Yayana shaida ne."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ba ta yi ba. Ta buɗe kabad, ta ɗauko wata kwalba da ba rubutu a jikinta. Ta girgiza fararen ƙwayoyin da ke ciki.

"Saura ɗaya. Wannan wane gishiri ne?"

Na-Sani ta ƙura wa ƙwayoyin ido. Sak gishirin Umma. Kalmar nan tata ta "Na sani" ta taso mata har bakin harshe. Ta kalli kwalbar, ta kalli ƙofar ɗakin gwaji. Ta haɗiye.

"Ban sani ba, Malama. Ido ba ya faɗa. Sai an gwada shi, kuma ba da harshe ba."

Mai surutu ya dafe kai. "Jama'a, ku taya ni ji! Na-Sani ta ce ba ta sani ba!"

Malama ta yi murmushi. Ta ciro tabarau daga aljihunta ta miƙa mata.

"Amsar da nake jira ke nan. Shiga."

Da ta koma gida da labari, Umma ta rungume ta, sannan ta ce, "Madalla. Amma tukunyata dai, a yi nesa da ita."

Yara, ku riƙa sauraron magana har ƙarshenta. Kada ku ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, kada ku fita da komai daga cikinsa. Abin da ba ku sani ba kuma, ku ce ba ku sani ba, ku tambaya. Ba abin kunya ba ne.