Fure Na Goma Sha Uku

A ɗakin kwamfuta na jami'a a birnin Iași suka haɗu. Ruxandra tana koya wa na'ura gane abin da ke cikin hoto, Horia kuwa tsaron intanet yake karanta. Ya leƙo allonta ya ce, "Malama, na'urarki ta kira ni kujera."

"Ka cika zama ne," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Bayan shekara biyu ya zo gidansu neman aure, rungume da jajayen furanni. Mahaifiyarta, Viorica, ta ƙirga su a bakin ƙofa. Goma sha biyu. A ƙasarsu kowa ya san in adadin fure cika ne, na makabarta ne; mara ake kai wa masu rai. Ga maigidan kuma a keken guragu, shanyewar jiki ta ɗauke masa magana.

"Mijina bai mutu ba tukuna! Fita!"

Mako uku Ruxandra ba ta iya cin abinci, amma ko sau ɗaya ba ta yi kuka a gaban uwarta ba. Viorica har ta fara yabon ɗan maƙwabta a teburin cin abinci.

Saƙon Horia ya shigo: "Ruxi tawa, na rantse sha uku na saya. Kada ki bar ni."

Ta saka wa na'urarta hoton da ya turo mata daga shagon fure. Sha uku.

"Ai aikinku ke nan, haɗa hoton ƙarya," in ji Viorica da ta nuna mata.

Ruxandra ta kira Horia. "Kyamarar ƙofar gidanmu. Minti biyar ya ishe ka ka kutsa. Ina roƙonka!"

"Zan iya. Amma in na shigo gidanku ta taga, da wane ido zan kalli Mama?"

Ta kashe wayar don haushi. Kwana tara tana sintiri wurin mai kula da benen da suke zaune, yana korar ta tana dawowa, har ya gaji ya buɗe musu abin da kyamarar ta ɗauka a ranar, ita da uwarta.

Ga Horia ya durƙusa a tsakar gida yana gaida mahaifin Ruxandra da ke shan hantsi. Ga hannun tsohon, wanda bai shanye ba, ya zare fure ɗaya a hankali ya cusa cikin kwat.

Viorica ta ruga sama ta laluba aljihun mijinta. Furen na nan, ya bushe.

"Kai, tsohon ɓarawo! Da gaske kana son yaron?"

Tsohon ya damƙe furen, ya gyaɗa kai.

Da kaka aka ɗaura auren. Viorica ta sumbaci goshin Horia ta ce, "Allah ya ba ku gida na dutse, aure mai ɗorewa, ɗana." Sannan ta karɓi furannin amarya ta ƙirga da kanta, har sau biyu.