Ofishin Dawuda

Ilham tana kicin ɗinsu na unguwar Utaibiyya a Makka tana haɗa shayi lokacin da Kawu Ɗan'azumi ya yi sallama ya zube a falo. Ƙanen mahaifiyarta ne, direban tasi, kuma shi aka tura binciken Dawuda, saurayin da magabatansa suka zo neman aurenta mako biyu da suka wuce. Dokar gidan mahaifinta Alhaji Mukhtaru ɗaya ce: ba a amsa wa kowa sai an je an ga wurin aikinsa da ido.

"Alhaji, kwana uku ina bin yaron nan a mota," in ji Kawu. "Ba ofis, ba dawam, ba lokacin shiga aiki balle na tashi! Da safe ya rataya jaka ya hau bas, ya sauka Aziziyya, ya hau wani, ya sauka Hindawiyya, ya tsaya yana ƙare wa shaguna kallo kamar jiya ya zo garin. Kuma shi kaɗai yake magana — har da nuni da hannu!"

"Innalillahi!" in ji Hajiya Kande, mahaifiyar Ilham. "Ko dai da taɓi?"

Gaskiyar magana, Kawu bai taɓa yafe wa bas-bas ɗin nan ba tun ranar da suka fara kwashe masa fasinjoji. Duk wanda ya gani a cikinsu, a wurinsa ya riga ya yi laifi.

Ilham ta fito da tire, ta durƙusa. "Baba, na ce muku online yake aiki. Wani kamfanin masu umara ne a Kano ya ɗauke shi, ta waya yake—"

"Halas!" Alhaji ya katse ta. "Aikin da ba shi da ƙofa ba aiki ba ne. Juma'a zan aika musu su yi haƙuri. Kafin nan kada na ji kin kira shi."

Ta koma ɗaki ta yi kuka mai isarta, don tana son Dawuda, kuma ta san in Baba ya aika, magana ta mutu. Ƙawarta Haifa ta ba ta shawarar ta daina cin abinci, wai haka ake karya iyaye. Ilham ba ta ɗauka ba. Ta ci abincinta, ta yi aikin gidanta, wayar ma ba ta taɓa ba. Sai ranar Laraba, bayan ta ga fuskar Alhaji ta ɗan saki, ta zauna daga gefen tabarmarsa.

"Baba, alfarma ɗaya. Kai ka ce sai an ga wurin aiki. Kawu daga waje ya hango, ta gilashin tasi. Ka shiga ciki ka gani, abin da ka yanke na bi."

Alhaji mutum ne mai taurin kai, amma ba ya son a kama shi da dokarsa. Washegari da hantsi ya sa hula ya fita, bai ce wa kowa komai ba.

Sai bayan la'asar ya dawo, rigarsa jiƙe da gumi. Ya nemi ruwa, ya sa aka kira Kawu. Ilham ta raɓe a bakin ƙofar kicin.

"Bas huɗu muka hau, ni da Dawuda," in ji Alhaji. "Yaron nan da abin ji a kunnensa, shi ya sa ka ga yana magana shi kaɗai. Muna cikin na uku aka kira shi, ya buɗe muryar don na ji. Wani tsoho ne mutumin Gumel, ya sauka a tashar da ba tasa ba, ya rabu da 'yan tawagarsa. Ba Larabci, ba ya karanta allo. Kuka yake yi, Ɗan'azumi, babban mutum!"

"To sai me?" in ji Kawu.

"Sai Dawuda ya ce, 'Baba, kwantar da hankalinka, me kake gani a gabanka?' Ya ce shagon magani mai koren allo. 'A hagunka akwai mai gasa kaza?' Ya ce akwai. 'Masallaci ƙarami, matakala uku?' Ya ce shi ne! Ya ce masa kada ya tsallaka titi, ya zauna a inuwa, bas na biyu da zai tsaya shi ne nasa. Bai ajiye wayar ba sai da tsohon ya ce ga ƙofar masaukinsa."

Alhaji ya juya wajen Kawu.

"Yawon da ka gani, hanya yake haddacewa. Duk mako sai ya zaga, don in an rufe shago ko an canza fenti, ya sani." Alhaji ya ajiye kofin. "Shekarata sittin da biyu a Makka, a nan aka yanke mini cibiya. Da ni tsohon nan ya kira, da har yanzu yana tsaye a rana."

Hajiya Kande ta goge ido da bakin mayafi, ita da kwanan nan ta gama sa wa yaron hauka.

"Ilham," Alhaji ya kira, don ya san tana wurin. Ta fito kanta a ƙasa. "Na so na zalunce ki, kika ƙi yi mini rashin kunya. Allah ya yi miki albarka. Magabatansa su zo ranar Juma'a."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da Ilham ta bi shawarar Haifa, da Alhaji ya kafe, kowa ya yi asara. Ta yi haƙuri, ta jira lokacin da za a saurare ta, ta faɗi magana ɗaya cikin ladabi. Su kuma iyaye, hakkin 'ya'yansu ne a kansu kada su yanke wa mutum hukunci daga nesa. Alhaji ya kusa yin hakan, kuma har yau da bakinsa yake faɗa.