Ƙofar da Ta Daina Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku! Ku ce ta zo mu ji ta mana, ko bakin ya yi nauyi ne? To madalla, ta zo. Sai dai ku jawo bakin zane kusa, don da hawaye ta zo.

Ranar da Ngozika ta dawo Zuru daga binne mijinta Boniface, baƙaƙen kaya ne a jikinta, kai a aske kamar yadda mutanensu ke yi wa mai takaba. Watanni ta yi can Kudu, ɗan abin hannunta duk ya tafi a motar gawa da ciyar da masu ta'aziyya. Abu biyu kawai marigayin ya bar mata a duniya: 'yarsu Chidinma, da keken ɗinki mai tebur da ke shagonta a kasuwa. Da keken nan za a ci, da shi za a yi makaranta. In babu shi, babu su.

Ta je shagon, ta sa makulli, ta ja ƙofar ƙarfen nan mai ɓari biyu... sai ta tsaya cak. Shiru! Ku sani, ɓarin hagu na ƙofar nan tun ranar da mai walda ya ƙera shi yake kuka, ƙiiii, kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Ba irin man da Boniface bai zuba masa ba, har ya gaji ya ce a bar shi, ai ya fi mai gadi. Yau kuwa ya buɗe lumui. Ta leƙa bayansa, inda ta taɓa karta tsawon yadi da ƙusa don yawan ɓatan tef ɗinta, ba zane ba alamarsa, sai shatin hannu na baƙin mai. Ta fito waje ta duba. Masu haraji in an biya su sukan shafa koren fenti a ƙofa, in ba a biya ba su shafa ja. Da idonta ta ga an shafa musu kore kafin ciwon Boniface ya tashi. Yanzu ga ja, jawur kamar jini!

Ta garzaya layin baya wurin Tochukwu, ɗan'uwan mijinta mai sayar da kayan babur, wanda ta bar wa makulli ɗaya amana.

“Matarmu, sannu da hanya!” in ji shi, yana tsaye a ɓari ɗaya na ƙofarsa. “Kuka? Ni na zuba mata mai na goge ta tas. Laifi ne?”

“To fentin fa? Kore ne na bari.”

“Kore?” Ya girgiza kai da tausayi. “Kayya, matarmu. Hawaye sun ɓata miki ido. Je ki huta.”

Baiwar Allah ta koma tana taɓa goshinta. Ko dai da gaske ne? Wa ya taɓa jin ja ya fito daga kore? Ta faɗa wa tsohuwar ƙawarta Inna Maimuna, mai kawo nono daga ruga tana zama a inuwar shagon. Inna ta jinjina kai ta ce, “Ɗiyata, wa ya sani? Ƙila ita ma ƙofar takaba take yi.” Suka zauna suka yi ta kuka su biyu, ba wadda ta fahimci komai.

Daga nan wahala ta ɗaura zane. Tochukwu ya bi kasuwa yana raɗa wai kan matar ɗan'uwansa ya taɓu, tana hira da ƙofa. Wa zai ba mahaukaciya atamfarsa? Masu ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Aka koro Chidinma daga makaranta. Takardar shaidar biyan harajin kuwa, ta zazzage gida kaf ba ta gan ta ba, sai daga baya ta tuna Boniface a aljihun kwat ɗinsa ta coci yake adana irinsu, kwat ɗin da aka binne shi da ita!

Ana cikin haka, wata safiya, sai ga ma'aikatan kotu da motar a-kori-kura. Babbansu, Malam Lukuman, dogo ne marar yawan magana.

“Madam, an yi ta aiko gargaɗi shekara da shekaru ba a biya ba. Yau kaya za mu ɗauka.”

“Oga, wane gargaɗi? Mijina ya biya! Boniface sunansa, ku tambaya...”

“Mu ba suna muke bi ba, ƙofa muke bi. Duk mai ja a kasuwar nan yau za mu shiga.”

“To ai ba ja ba ce! Wato... ja ce, amma da kore ce. Kuka ma take yi, yanzu ta daina!”

Ma'aikatan suka dubi juna, ɗaya ya ɗan taɓa kansa da yatsa. Ta zube ƙasa ta rungume ƙafar keken. “Ku ɗauki benci, ku ɗauki dutsen guga, ku bar mini wannan! Ya Yesu, me na yi? Marainiya gare ni!” Inna Maimuna ta tare hanya da ƙwaryarta tana cewa, “Ku ji tsoron Allah, samari! Wagga yarinya ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba!” Ina! Aka ɓamɓare yatsun Ngozika, aka ɗora keken a mota. Malam Lukuman ya kau da kai ya ce in ba a fanshe shi ba kafin ranar kasuwa, gwanjo za a yi.

Ngozika ta bi 'yan coci, ta bi maƙwabta har unguwar Rikoto, abin da ta tara ko rabi bai kai ba. Ta durƙusa wa Tochukwu, ya juye aljihu ya ce kasuwa ta mutu. Amma ranar gwanjo, wa ya ɗaga hannu ya saye keken a arha? Shi! Har da cewa, “Don kada ya bar dangi ne, matarmu. In kina so ki riƙa yi mini ɗinki a kai, ina ba ki na abinci.”

Ma'aikata suka ɗauko masa keken har shagonsa. Ngozika na biye kamar mai rakiyar gawa karo na biyu, Inna na riƙe da hannunta. To keke mai tebur ne, ɓari ɗaya ba ya isar sa. Tochukwu ya ce a karkata shi, a juya, a kwance ƙafafun. Malam Lukuman ya ce, “Haba malam, buɗe ɗayan mana, muna da aiki.” Bai jira ba ya zare sakata da kansa ya ja ɓarin hagu.

Ƙiiiiii!

Jama'a, Ngozika ta ƙura wa ƙofar ido. “Boniface...” ta ce a hankali. Sai kuma ta ƙwalla ƙara, “Ƙofata! Muryar ƙofata ce!”

“Kun ji ko? Ciwon ya tashi,” in ji Tochukwu, gumi na tsatso masa.

Inna Maimuna ta ajiye ƙwarya. “In hauka ce, to mu biyu muka haukace. Shekara nawa wagga ƙofa na tashe ni daga gyangyaɗi?”

Ngozika ta ciro tef daga wuyanta, ta miƙa wa Malam Lukuman ta ce ya duba bayan ƙofar. Ga zanen ƙusa nan, yadi ɗaya cif, har da rabi da kwata. Ga kuma koren fenti a waje. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

“Malam, kai da ke sayar da taya da baƙin mai, yadin me kake aunawa?”

Asirin Tochukwu ya tonu. Ashe da ya ga an shafa masa ja, ga makullin amana a hannu, ga ƙofofin kasuwar duk ƙirar mutum ɗaya, sai ya ciro tasa ya maƙala wa marainiya, ya ɗauke tata. Wa zai yi zaton a saci ƙofa a bar shago? Shi ya sa bai taɓa buɗe ɓarin hagu ba.

Malam Lukuman ya cire hularsa. “Madam, ki yafe mana. Mun bi ƙofa mun bar gaskiya.” Ya sa yaransa suka mayar da keken, shi da kansa ya kama gefe ɗaya. Ngozika ta kifa kai a kan teburin tana kuka tana cewa, “Na gode Ubangiji, ashe hankalina yana nan... ashe yana nan!”

Tochukwu dai an kwashe kayan shagonsa an yi gwanjonsu, alƙali ya ci shi tara, ƙungiyar mutanen garinsu ta cire shi, ya tattara ya bar Zuru. Malam Lukuman tun daga ranar ba ya shiga shago sai ya tambayi sunan mai shi. Chidinma ta koma makaranta. Inna Maimuna tana nan tana gyangyaɗi a inuwarta. Ngozika kuwa ɗinki ya yi mata yawa har ta ƙara keke na biyu, an mayar mata da ƙofarta, kuma har yau ba ta yarda kowa ya zuba mata mai ba.